Yadda ake kafa sana'ar injin sayar da kaya a Kano, har a kai ga ƙara na biyu

Injin sayar da kaya, wato akwatin nan mai gilashi da mutum zai biya kuɗi ya danna lamba lemo ko biskit ya faɗo masa, ba zai iya gasa da mai shagon unguwa ba. Duk wanda zai zuba jarinsa a wannan sana'a a Kano, gara ya yarda da haka tun daga farko. Garin nan babu lungun da ba mai tebur, babu bakin titin da ba yaro da kular ruwan sanyi. Mai shago yana ba da bashi, yana gaisawa da mutane, yana karɓar tsohuwar ɗari biyun da aka liƙe da salatif. Inji ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Abin da ya fi mutum da shi kaɗan ne: ba ya barci, ba ya tashi da magariba, kuma ana iya ajiye shi inda ba a yarda ɗan kasuwa ya baje kaya ba. A kan wannan aikin ya ginu gaba ɗaya. Shi ya sa tsarin yake farawa da wuri, sai wuta, sai hanyar biyan kuɗi. Sayen injin can baya yake zuwa, duk da cewa farashinsa ne abin da kowa ke fara tambaya.

Mataki na farko: nemo wurin da mai shago ba ya kwana

Cunkoson jama'a yana ruɗar mutane. Za ka ji ana cewa a kai inji Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ko tashar Unguwa Uku, tunda dubban mutane ke wucewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A irin waɗannan wurare, kafin mutum ya ciro wayarsa ya biya inji, yara uku sun miƙo masa ruwa mai ƙanƙara a farashin da ba za ka iya sayarwa ba, sannan da yamma a rufe kasuwa kowa ya watse.

Wurin da kake nema shi ne inda mutane ke zama na sa'o'i, fita tana yi musu wahala, kuma dare yana riskarsu a ciki. Asibiti ne kan gaba. Wanda ya taɓa jinya a manyan asibitoci irin su na Malam Aminu Kano ko na Murtala ko na ƙashi da ke Dala ya san yadda ƙarfe biyun dare take: masu jinya kwance a kan tabarma a baranda, masu shaguna sun tashi, ga ƙishirwa, ga yaro yana kuka, ga ma'aikaciyar jinya da ta yi rabin dare a tsaye ba ta sa komai a bakinta ba. Bayan asibiti sai ɗakunan kwanan ɗalibai da wuraren karatun dare a manyan makarantu, sai masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa masu aikin dare, sai ƙananan asibitocin kuɗi, wuraren motsa jiki da manyan ofisoshi.

Idan ka ga wurin da ya kwanta maka, kada ka yarda da kintace. Ɗauki littafi ka zauna, safe da rana da dare, a ranar aiki da ranar Juma'a da ƙarshen mako. Rubuta mutum nawa ke wucewa, nawa ke riƙe da abin sha, daga ina suka sayo, ƙarfe nawa shago mafi kusa ke rufewa. In masu wurin sun yarda, yi gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya: ajiye ƙaramin firji ko kula da yaro guda na mako biyu, a daidai sa'o'in da kake sa ran ciniki, ka rubuta duk abin da aka saya. Kuɗin da za ka kashe a wannan gwajin bai kai kuɗin dakon injin ba.

Ka kuma tambayi kanka watanni nawa wurin ke aiki a shekara. Makaranta tana hutu, kuma tana iya rufewa ba shiri. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda injinsa ɗaya tilo ke cikin jami'a a irin wannan lokaci, jarinsa ya kwanta. Asibiti kuwa ba ya hutu.

Mataki na biyu: yarjejeniya a rubuce

Nemi mai ikon sa hannu, ba wanda ya ce ya san shi ba. A hukumomin gwamnati da makarantu akwai ofishin da ke kula da hayar shaguna da wuraren kasuwanci, can za ka kai takardar neman izini, ka karɓo amsa mai hatimi. Idan ka shiga wurin shugaba, kada ka fara da ribarka. Fara da matsalarsa: "Ranka ya daɗe, na lura masu jinya suna fita bakin titi da tsakar dare neman ruwa. Ina so in kawo abin da zai hutar da su, ba hayaniya, ba shara, kuma gyara da tsafta duk a wuyana."

Biyan mai wuri iri biyu ne, ko haya tsayayya ko kaso daga ciniki. Ga mai farawa kaso ya fi, domin ranar da ba ciniki ba a bin ka komai. Abubuwan da dole su shiga takarda su ne wa ke biyan wuta kuma ta yaya za a auna ta, ko za a haɗa ka da janareta ko solar wurin, sa'o'in da za a bar ka ka shiga zuba kaya, wa ke da alhaki in aka fasa gilashi, cewa ba za a ajiye wani inji kusa da naka ba, da kuma haƙƙinka na ɗauke injinka bayan sanarwar wata guda. A sa shaidu biyu. Shugabanni suna canzawa, takarda ce ke zama.

Kafin nan ka yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, ana yi ta intanet, ka buɗe asusun banki da sunan. Babbar hukuma ba ta ƙulla yarjejeniya da mutumin da ba shi da takarda, haka ma kamfanonin da ke haɗa hanyar biyan kuɗi.

Kada ka manta da maigadi. Shi ne idonka da dare. Ka gaishe shi da girmamawa, ka ce "Baba, ga amana nan na bar maka," ka ba shi lambar wayarka, ka riƙa yi masa ihsani a kai a kai. Kyamara tana da amfani, amma ba ta kiran waya ta ce firjin ya daina ƙara.

Mataki na uku: wuta da zafi

Nan ne sana'ar ke tashi ko ta faɗi a Kano. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma a lokacin ne ake neman abu mai sanyi ruwa a jallo. Lemo mai ɗumi ba ya sayuwa, wanda kuma ya biya ya samu mai ɗumi ba zai dawo ba.

Tambayi masu wurin a kan wane layin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, suke. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin sa'o'i 20 a rana. An ɗan rage daga baya a shekarar, amma bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Wuta mai tsayawa tana da tsada, mai arha kuma ba ta tsayawa, don haka dole ka san wacce za ka hau. Sa wa injin ƙaramar mita tasa shi kaɗai, ta yadda ba za a ɗora maka kuɗin wutar kowa ba, kai ma ka san ainihin abin da yake sha.

Abu biyu ba a sasauta musu. Na farko sitabilaiza mai kyau da na'urar jinkirta kunnawa, saboda wutar da ke ɗaukewa ta dawo nan take ita ke kashe kwampiresa, wato injin da ke sa firji sanyi, sauyin janareta kuma yana ƙona allon kwamfutar injin. Na biyu ƙaramin batir da inbata da za su riƙe ƙwaƙwalwar injin da na'urar biyan kuɗi ko da firjin ya tsaya. Hikimar ita ce, in wuta ta ɗauke a daidai lokacin da mutum ya biya, kayansa su faɗo. Ɗaukar firjin gaba ɗaya a kan sola mai yiwuwa ne, amma jari ne na daban, sai ka sa mai haɗa sola ya auna da kyau kafin ka amince da adadin faranti da batir.

Inji ya zauna a inuwa, cikin gini, ba inda ranar la'asar ke dukan gilashi ba. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango don iska ta fita.

Akwai hanyar kauce wa rabin wannan wahala da mutane ba su cika lura da ita ba: injin da ba firji. A ɗakin kwanan ɗalibai mata, audugar mata, sabulu, man goge baki da omo suna tafiya ba tare da sanyi ba, kuma yarinyar da ke jin nauyin tambayar audugar a hannun namiji mai shago za ta saya a inji hankalinta kwance. Irin wannan injin, wutar da yake sha kaɗan ce ƙwarai. Ni a ganina, ga mai ƙaramin jari, nan ne ƙofar shiga mafi sauƙi. Sai dai ka tanadi mace da za ta riƙa shiga zuba kaya.

Mataki na huɗu: yadda kuɗi zai shigo

An ƙera waɗannan injuna ne don ƙasashen da ake kashe tsaba. Mu kuwa tsaba ta daɗe da fita daga ciniki, takardun naira 100 da 200 da ke yawo a hannun jama'a kuma sun sha jiki. Na'urar tantance kuɗi tana tofo tsohuwar takarda, ƙura tana toshe ta, kuma ba ta da canjin da za ta bayar. Ga shi akwatin kuɗi yana jawo ɓarawo. Shawarata ita ce ka tafi kan kati da taransifa kawai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, har mai shayi da ɗan adaidaita suna karɓar taransifa, don haka ba baƙon abu za ka koya wa mutane ba.

Sai dai liƙa lambar asusu a jikin inji ba ya aiki, domin ba wanda zai duba alat ya miƙa kaya. Dole injin da kansa ya samu tabbacin cewa kuɗi ya shiga kafin ya saki kaya, ko ta na'urar kati, ko ta lambar QR da ake ɗauka da kyamarar waya, ko ta lambar asusu ta wucin gadi da ke fitowa a allo don wannan cinikin kaɗai. Injunan da ake kawowa daga Sin sau da yawa suna zuwa a shirye don WeChat Pay da Alipay, manhajojin biyan kuɗi na can, waɗanda ba su da amfani a nan. Tambayi mai sayarwa ko injin yana da mahaɗar MDB, wadda ita ce ake jona na'urorin biyan kuɗi da ita, sannan ka samu wanda zai haɗa maka shi da kamfanin biyan kuɗi na Najeriya mai lasisin Babban Banki, ka ga ya yi aiki a gabanka kafin ka cika kuɗi. Ka tsaya a daidai inda injin zai zauna ka gwada layukan waya, domin wani barandar MTN ke ja, wani Airtel. In da hali a sa layi biyu.

Mataki na biyar: sayen injin

Sai yanzu. Farashi yana bin dala, kuma ka ga yadda ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, don haka duk lissafin da aka ba ka na bara ka ajiye shi gefe. Kana iya saye a hannun masu shigo da su a Legas, ko ka yi oda da kanka. Mai oda zai yi Form M, wato takardar shigo da kaya, ta banki, ya tabbatar da takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, ya biya kuɗin kwastan da na dako zuwa Kano. A injin farko na fi son a saya a hannun wanda ke cikin ƙasa, ko da da ɗan tsada, saboda akwai wanda za ka kama in abu ya lalace. Wanda jarinsa bai kai ba kuma yana gudun ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz suna da tsarin murabaha, su sayi kayan su sayar maka ka biya a hankali.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya: shin na wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240 ne? Har zuwa wane zafi aka gwada firjinsa? Yana da firikwensin da ke gane kaya sun faɗo ko sun maƙale? Yana turo rahoton ciniki da sanyin ciki zuwa waya? Kada ka bari a rufe ciniki ba a haɗa maka da kayan gyara ba, musamman ƙananan motoci da wayoyin nan masu murɗe da ke turo kaya, masu faɗi daban-daban.

Babban inji yana haura kilo 200. Auna ƙofa da matakala tun kafin ya iso, a ɗauko shi a tsaye, kuma bayan an sauke a bar shi wasu sa'o'i kafin a kunna, don man kwampiresa ya koma mazauninsa.

Mataki na shida: kaya da farashi

Sari a kasuwar Singa ko a hannun dilan kamfani. Fara da abin da gwajinka ya nuna: ruwan roba, lemon gwangwani da na roba, maltina, biskit, cincin, gyaɗa da dabino a leda. Ruwan leda ba ya zama a inji, fashewa yake. Kwalba ma haka, sai injin da ke sauko da kaya a hankali. Komai ya kasance da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a bayyane. Zoɓo da kunun aya da fura da nono suna da masoya, amma kunun aya sa'o'i kaɗan ba sanyi ya isa ya juya, kuma ba ka nan da za ka ɗanɗana. A bar su tukuna. Magani kuwa, ko da na ciwon kai ne, kada ka sa, sayar da shi yana da nasa lasisin.

Wajen zuba kaya a nutsu. Kowace roba ta zauna daidai tsakanin zagaye biyu na wayar, fuskarta tana kallon gilashi, ledar biskit kuma kada gefenta ya shige ƙarƙashin waya, don nan ne take maƙalewa. Tsofaffin kaya a gaba, sababbi a baya. Ruwa da abin da ya fi tafiya a daidai ido, masu nauyi a ƙasa. Kafin ka rufe, sayi abu ɗaya da wayarka daga layin kayan da ka taɓa, ka ga ya faɗo.

Farashinka kada ya yi nisa da na shago. Mutumin Kano ya san kuɗin komai, zai yafe ƙarin naira hamsin saboda sanyi da tsakar dare, amma in ya ga an ninka zai ji an ci da guminsa, musamman a asibiti, inda mutane ke cikin halin da bai kamata a matsa musu ba.

Ga yadda ake lissafi, da alƙaluman misali kawai, kai ka sa naka. A ce ribarka naira 100 ce a kan kowane abu, kana sayar da 60 a rana. Wata ya ba ka 180,000. A ce injin yana shan yunit 8 a rana a kan naira 210, wuta ta cinye 50,400. Cire kason mai wuri, kuɗin data, abin da kamfanin biyan kuɗi ke yanka, kuɗin mota, ihsanin maigadi, da wani abu da za ka ware don gyara. Abin da ya rage ka raba kuɗin injin da shi, ka ga watanni nawa zai mayar da uwar kuɗi. Sannan ka sake lissafin da rabin cinikin, saboda hunturu na zuwa. In a rabin ma bai ci uwar kuɗi ba, ka shiga.

Mataki na bakwai: kula ta yau da kullum

Inji kiwo ne, kullum sai an leƙa. Abin da ya fi kashe shi a garin nan ƙura ce. Buɗe murfin ƙasa a watan Janairu ka haska fitila: za ka ga ragar da ke fitar da zafi ta toshe da jar ƙura har ta yi kauri. A haka kwampiresa ke ta aiki ba hutu har ta ƙone. Buroshi mai laushi da abin hura iska, kowane mako a hunturu, sun isa. Goge gilashi da allon dannawa duk zuwa. Ka samu mai gyaran firji guda da ka yarda da shi, ka nuna masa injin tun yana lafiya.

Rubuta lambar waya babba a gaban injin, da bayanin yadda ake saye cikin Hausa da Turanci, har da hotuna. Ranar da wani ya kira ya ce an cire kuɗinsa kaya ba su fito ba, kada ka tsaya musu. Ka ce "Yi haƙuri Hajiya, turo lambar asusunki," ka mayar nan take, ka duba rahoto daga baya. A ɗakin kwanan ɗalibai ko sashen asibiti, labarin injin da ke cinye kuɗi yana zagayawa kafin gari ya waye, kuma da wuya a goge shi.

Ciniki yana bin yanayi. A bazara ƙara layukan ruwa. A hunturu rage lemo, ƙara biskit da gyaɗa. Da azumi cinikin rana yana mutuwa, ya dawo daga shan ruwa zuwa sahur, don haka a cika inji bayan la'asar, a sa dabino da ruwa a gaba.

Mataki na takwas: ƙara na biyu

Kada ka ƙara sai na farko ya yi aƙalla wata shida, ya ga zafi ya ga sanyi, kuma littafinka ya nuna riba bayan an cire komai. Kuɗin inji su zauna a asusunsu daban. Lemon da ɗan'uwa ya ɗauka daga katan a gida, a rubuta shi a biya, ko da daga aljihunka ne, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin gaskiyar ribarka ba.

Na biyu ya kasance kusa da na farko, in ma zai yiwu a cikin harabar guda. Inji ɗaya a Hotoro ɗaya a Kabuga yana nufin rabin yininka a kan titi, ribar kuma ta tafi a mai. Ka sayi iri ɗaya da na farko don kayan gyara su yi wa duka. Rahoton cinikin wata shida da wasiƙar yabo daga mai wurin farko su ne za su buɗe maka ƙofar na gaba, har ka nemi a rage kaso. Da injuna uku ko huɗu, sarinka ya kai ka zauna da dila ka nemi ragi da kawowa har wuri, kuma gefen injin kansa ana iya ba da hayarsa ga masu talla.

A nan ne za ka buƙaci yaro. Tunda babu tsabar kuɗi a ciki, abin da za ka sa wa ido kaya ne: ya sa hannu a kan adadin da ya ɗauka, ka gwada da abin da rahoton waya ya nuna an sayar da abin da ya rage a inji, kowane mako. Ka ɗora masa ɗan kaso a kan albashi idan inji bai kwana ba kaya ba. Wurin da kuma ya yi wata uku yana kasa biyan kuɗin wutarsa, bayan ka canza kaya ka gyara farashi, ka ba da sanarwar wata gudan nan da ke cikin yarjejeniya, ka kira masu dako, ka mayar da injin wuri na gaba da ka riga ka gwada da kula.